Mu Ba Ma Cewa Na Ƙarshe

Ku da kuke bin labarin nan, na ga saƙonninku. Wasu sun ce ni sakarya ce, wasu sun ce Mama ce mai gaskiya, wata baiwar Allah ma ta ce in tura mata lambar mutumin da Mama take so in aura, tunda ni ba na so. Ban yi fushi da kowa ba. Wadda ba ta taɓa zama tana jiran namiji ya buɗe bakinsa ba, ba za ta san yadda jira yake cin mutum ba. Wanda kuma yau ya fara shigowa, sunana Taisiya, a gida Taya, shekarata ashirin da takwas, ina zaune da mahaifiyata a hawa na huɗu na wani tsohon bene a garin Samara, kudu maso gabas da Mosko. Har ranar Alhamis ɗin da ta wuce ni ma'aikaciyar jirgin sama ce a kamfanin Snegir. Yau ban san ko ni mece ce ba.

Bari in fara muku da kalma ɗaya, don idan ba ku san ta ba, ba za ku gane abin da ya same ni ranar Lahadi ba.

Mu ma'aikatan sama ba ma cewa "na ƙarshe". Babu tashi na ƙarshe, babu fasinja na ƙarshe, ko shayi ne ya rage a buta ba a cewa kofi na ƙarshe. Sai dai mu ce "na gefe". Na ƙarshe shi ne wanda ba a dawowa daga gare shi. Malaman makaranta suna yi mana dariya, suna cewa muna ɓata harshe da camfi. Su yi ta yi, ai ba su ne suke rataye a saman gajimare kullum ba.

Ni ma ban sani ba ranar da na fara aiki. Na sha sabon jan kwat ɗina, na ɗaura ɗan gyalen wuya, takalmi yana cizon dunduniyata, na leƙa ɗakin matuƙa ina jin kaina, na ce fasinja na ƙarshe ya shigo. Kyaftin ɗinmu, tsoho Arkady Semyonovich, ya juyo ya dube ni kamar na zubar masa da miya a cinya. Rimma, shugabar mu 'yan cikin jirgi, ta dafe ƙirji. Sai mataimakin matuƙin, wani dogo mai manyan kunnuwa, ya ce maza in tofa yawu ta kafaɗar hagu, in ƙwanƙwasa katako don korar mugun baki. Na tofa. Na waiga neman katako, ko'ina roba ce da ƙarfe. Sai ya cire hularsa ya sunkuyo mini da kansa.

"Ga shi nan, na gaske ne. Duk malamaina sun shaida."

Na ƙwanƙwasa. Miron ke nan, kuma tun daga ranar ban sake mallakar kaina ba.

A lokacin Snegir yana tashe. Da jirage biyu na haya aka fara, an shafa musu jan fenti a ƙirji irin na ɗan tsuntsun ƙanƙarar da aka ari sunansa. Tikitinmu ya fi na jirgin ƙasa araha, shi ya sa mutanen da suka saba kwana biyu a kan dogo kafin su ga teku suka yi mana caa. Tsofaffi suna shigowa da dafaffen ƙwai da kaza a naɗe cikin jarida, da kwalaben kokwamba a rungume kamar jarirai. Wata kaka ta taɓa jan hannun rigata tana tambaya a wace tasha za a tsaya ta sayi busasshen kifi. Ba ma ba da komai kyauta, ko ruwa. Mu ne masu sayar da shayi, mu ne masu shara tsakanin sauka da tashi, mu ne masu rarrashin wanda aka ce jakarsa ta yi nauyi. 'Yan manyan kamfanoni suna kiranmu bas mai fiffike, suna yatsina in mun haɗu a filin jirgi. Ko a jikinmu. Duk saukar da muka yi sai jirgi ya ɗauki tafi, kuma kafin a ce haka jirage biyun sun zama garke, muna zuwa garuruwan da ni kaina sai a taswira na san su.

Haka soyayyata da Miron ta tashi, ita ma da araha. Babu gidan cin abinci mai kyandir, sai shayin kofin takarda a bayan jirgi, da tsohuwar motarsa mai tari da yake kawo ni gida a cikinta. Kowace safiya kafin ƙararrawata ta buga saƙonsa yake shigowa: "Sama a buɗe take, Taya." Ko ana tsuga ruwa haka zai rubuta. Mutum ne mai riƙe kalma fiye da kowa a cikinmu. Ko alewa ce ta rage ɗaya a leda, sai ya ce in ɗauki ta gefen. Sau ɗaya tak na taɓa jin waccan kalmar a bakinsa, ranar da muka raka kakarsa makabarta, ya dubi akwatin gawar ya ce wannan ce tafiyarta ta ƙarshe.

Zancen aure kuwa, kullum amsa ɗaya ce: in ya sami layi na huɗu a kafaɗa, ya zama kyaftin. Shekara huɗu ina kallon kafaɗar nan, layi uku ne ba su haihu ba.

Mama ba ta taɓa zaginsa ba, kuma ba ta taɓa kiran sunansa ba. "Direbanki" take ce masa. Kada ku ga laifinta da yawa. Mahaifina injiniyan jirgi ne. Ina shekara shida aikinsu ya watse, ya ce zai je can arewacin ƙasarmu neman aiki, ya yi hunturu ɗaya ya dawo, har yau hunturun bai ƙare ba. Mama ta raine ni da albashin kantin magani da taurin kai. Ranar da na kawo jan kwat gida ta shafa shi, ta duba ɗinkin, ta ce komai nisan jifa ƙasa zai faɗo. Amma duk da haka, ba ta taɓa barina na fita aiki a tsaye ba. Kun san a al'adarmu ba a kama hanya sai an zauna an yi shiru tukuna, babba ya ce a tashi. To Mama duk tashina tafiya ce a wurinta, ko Mosko za mu je mu dawo kafin la'asar. Akwai wata 'yar kujera a bakin ƙofarmu, ƙarƙashin inda muke rataye kwat. Nan take zaunar da ni, ita ta ɗosana a kan akwatin takalma da rigar barcinta, mu yi shiru, sannan ta dafa gwiwa ta ce Allah ya kiyaye hanya.

Sai bazara ta kawo mana Gleb.

Tagoginmu ne suka ruɓe, Mama ta kira masu sa na roba, mai kamfanin da kansa ya zo awo. Gleb Ignatyevich, shekara talatin da tara, matarsa ta rasu, yana da gida da lambu a ƙetaren kogi. An sa tagogi lafiya lau. Amma tun daga lokacin suka kamu da wata cuta da ba ta tashi sai ranar Asabar, dole ya zo ya ɗan gyara musu zama. Da silifas ɗinsa yake zuwa a leda don kada ya ɓata mana ƙasa. Yana cin duk abin da Mama ta zuba masa, yana yabawa, yana wanke kofinsa. Har yau "ku" yake ce mini, ni ma "ku" nake ce masa. Da ma mugu ne, da na huta. Na duba shi sama da ƙasa ina neman abin ƙi, ban samu ba, sai dai kawai idan ya shigo ɗaki ba abin da yake motsawa a ƙirjina.

Da rani ya raba, sai Snegir ya fara tari shi ma. Masu kamfanin biyu suka saɓa, ɗaya a Mosko ɗaya a ƙasar waje, kowa ya kulle aljihunsa yana jiran ɗan'uwansa ya gaji. Idan giwaye suna faɗa, kun san wa yake shan taku. Masu jiragen haya suka riƙa ɗauke abinsu ɗaya bayan ɗaya. Masu mai suka ce ba za su zuba ba sai sun gani a ƙasa. Albashi ya tsaya. Wayata da ta saba tashina da "sama a buɗe take" ta koma kawo mini "An soke tashin safe", "An soke", "Ku jira sanarwa". Fasinjoji suka riƙa kwana a kan kujerun filin jirgi da 'ya'yansu, kuma ba masu kamfani suke gani ba, mu suke gani, masu jan kwat. Wata mata da aka soke mata tafiyar bikin ɗanta ta shaƙo gyalen wuyana tana kirana ɓarauniya. Alhali ni ma ban san komai ba. Irin fuskarta ce take yi mana tafi bara. Daga ranar na fara cire kwat ɗin ina cusa shi a jaka kafin in hau bas.

Ranar Alhamis muna garin Sochi na bakin teku, fasinjoji sun gama shiga, wayoyinmu suka yi ƙara tare. Layi biyu ne: daga gobe kamfani ya dakatar da aiki, ana gode wa ma'aikata. Rimma ta karanta, ta mayar da wayar aljihu, ta gyara jan-bakinta, ta ce mu rufe ƙofa. Muka yi aikinmu. Na nuna yadda ake ɗaura ɗamara, na tura keken shayi, na yi murmushi har kumatuna suka gaji. Da muka sauka a Samara, muryar Arkady Semyonovich ta fito ta lasifika, ya faɗi yanayin gari kamar kullum, ya gode wa waɗanda suka zaɓi Snegir.

"Wannan shi ne tashinmu na..."

Ya yi shiru. Shirun ya yi tsawo har wani yaro ya tambayi uwarsa ko rediyon ya lalace. Ina jin numfashin tsohon a lasifika.

"...na gefe," in ji shi, ya kashe.

Babu wanda ya yi tafi. Suka kwashi jakunkunansu suka fita, muka tsaya a ƙofa muna cewa sai wata rana.

A bayan jirgi na tarar da Rimma tana kuka tana jera kofunan takarda da babu wanda zai sake sha da su. Ta rungume ni, ta ce aƙalla ni na tsira, tunda Miron ya samu wuri. Na ce wane wuri? Ta sake ni ta dube ni, na ga ta gane ta yi ɓarin baki. Wai ya sa hannu da wani ƙaramin kamfani a Kamchatka, ranar Litinin zai tafi. Duk matuƙa sun sani tun makon jiya.

Kamchatka, jama'a. Inda rana take fito musu mu muna shirin kwanciya. Ko lokacin da Snegir yake da garken jirage bai taɓa kai ƙafarsa can ba.

Ya kawo ni gida a motarsa kamar kullum. Ina ta jira ya faɗa da bakinsa. Ya yi zancen tayar lokacin ƙanƙara da ya kamata ya sa wa motar, ya yi zancen kyaftin, ya yi zancen wani rami a titi. Sai da muka tsaya a ƙofar benenmu na gaji.

"Litinin, ko?"

Ya riƙe sitiyari da hannu biyu kamar motar tana tafiya. "Rimma."

"Ba ruwan Rimma. Yaushe ka yi niyyar gaya mini? Ko sai ka sauka za ka rubuto sama a buɗe take?"

Ya ce ƙananan jirage ne, masu kai wasiƙa da likita ƙauyuka. Ya ce a ɗakin kwanan maza za su zauna, gado a kan gado. Ya ce bai san yadda wurin yake ba, kuma ba su ɗaukar 'yan cikin jirgi. Duk ina ji, ina jiran kalma uku: zo mu tafi. Da ya faɗa, da ko jaka ba zan hau ɗaukowa ba.

"Ba ni da abin da zan ba ki, Taya. Layi uku ne har yanzu."

"Na taɓa ce maka layi nake ci?"

Bai yi dariya ba. Ya ce in ba shi zuwa Lahadi, yana son ya yi tunani.

Na san abin da za ku rubuto mini: me ya hana ke ki ce ya tafi da ke? Na tambayi kaina hakan har kaina ya yi ciwo. Ina da shekara shida na ga Mama a bakin ƙofar nan tana riƙe da hannun rigar mahaifina tana roƙonsa ya tafi da mu. Na ga yadda ya zare hannunta a hankali, yatsa bayan yatsa. Bakina ba zai iya wannan roƙon ba, ko da zuciyata tana durƙushe.

Mama ta riga ta gani a talabijin. Na zaci za ta ce ai na gaya miki, na ma shirya amsa. Ba ta ce ba. Ta karɓi jan kwat ɗin ta rataye shi can ƙuryar kabad, ta zuba mini miyar kabeji mai zafi, ta zauna tana kallona ina ci. Wannan ya fi zagi ciwo. Da na gama ta tambaya me direbana ya ce, na gaya mata. Ta jinjina kai kamar an karanto mata labarin da ta haddace.

"Hunturu ɗaya zai yi, ko?"

"Mama."

"Ban ce komai ba. Gleb Ignatyevich zai zo cin abincin rana ranar Lahadi."

"Tagar ce ta sake tashi?"

"Da kwat da ɗamarar wuya zai zo, Tayechka. Ya nemi izinina, na ba shi." Ta ɗauke kwanon daga gabana. "Ba zan sa miki wuƙa a wuya ba, ke ba yarinya ba ce. Amma ki dube ni da kyau. Ni ce ke, in kin jira."

Na dube ta. Gashinta da take rinawa da kanta a banɗaki, hannuwanta da sanyin kanti ya farfasa, zoben auren da ta mayar hannun hagu irin na zawarawanmu, ba ta kuma cire ba. Na shiga ɗaki na kwanta da kayana.

Juma'a da Asabar wayata ba ta bar tafin hannuna ba, har banɗaki da ita nake shiga. Ga duk abin da na samu, na kwafo muku shi yadda yake:

"Kina lafiya?"

"Lafiya. Kai fa?"

"Ina haɗa kaya."

Ranar Asabar da safe ya rubuto: "An ce gobe za a yi ƙanƙara."

Na rubuta: "Gleb zai zo gobe neman aurena." Na goge. Na sake rubutawa, na tura kafin in sake gogewa. Alama ta nuna ya karanta. Na zauna a bakin gado ina kallon "yana rubutu" yana fitowa yana ɓacewa, yana fitowa yana ɓacewa, har Mama ta kira ni in zo in fere dankali. Ba abin da ya shigo. Ba a taɓa dukana ba, amma ina jin haka mutum yake ji bayan an gama.

Lahadi muka tashi gari ya yi fari. Dusar ƙanƙara ta farko, lokacin da tsuntsun namu mai jan ƙirji yake fitowa kan rassa. Mama ta tashi tun asuba tana murza fulawa. Ta jawo teburin falo ta buɗe shi, ta shimfiɗa farin ƙyallen da ba ya fitowa sai sabuwar shekara, ta fito da kofunan gilashin da aka ba ta ranar aurenta. Ta ce in sa shuɗiyar rigata. Rigar nan mai dogon hannu da ƙananan maɓallai a baya, na saye ta ne bara na ɓoye, don ranar da za a yi wa Miron walimar layi na huɗu. Ko alamar kantin ban cire ba. Mama ta sa almakashi ta yanke alamar, ta ɓalla mini maɓallan ɗaya bayan ɗaya, ta ɗaure mini gashi sama. Na tsaya mata kamar 'yar tsana. Ban ce e ba, ban ce a'a ba, ba ni da ƙarfin ko ɗaya.

Gleb ya zo a kan lokaci, da fararen furanni da kwalin kek, da silifas ɗinsa a leda. Ya yi aski, har wuyan rigarsa ya ɗan yanke shi. Muka zauna. Ya yabi kifin, ya yabi miyar, ya ba da labarin tuffar lambunsa da ta yi 'ya'ya har reshe ya karye. Hannunsa yana ta komawa aljihun kwat yana dawowa. Wayata tana kife a cinyata ƙarƙashin ƙyallen tebur. Da aka kawo shayi Mama ta tuna wai ta bar wani abu a wuta, ta tashi, amma ba ta wuce bakin ƙofar kicin ba.

Ya ajiye cokalinsa. Ya ce shi ba gwanin magana ba ne. Ya ce ya san zuciyata ba a wurinsa take ba, ba makaho ba ne, kuma ba zai nemi abin da babu ba.

"Abu ɗaya na iya, Taisiya. Duk yamma ina dawowa gida. In wannan zai ishe ku, to ni ya ishe ni."

Idona ya cika, don babu wanda ya taɓa yi mini alkawari mai sauƙi irin wannan. Ya ciro ɗan akwatin zobe ya ɗora a kan tebur bai buɗe ba. A daidai lokacin wayar ta motsa a cinyata.

Na san rashin kunya ne. Na duba.

"Ina ƙasa, a ƙofar benenku. Ki sauko in gan ki na ƙarshe."

Na karanta. Na sake karantawa. Na bi haruffan da yatsa ko idona ne. Mutumin da ba ya faɗin kalmar nan ko a kan alewa. Na miƙe ban san na miƙe ba, na je taga. Ga motarsa can ƙasa, ƙanƙara ta fara rufe ta. Ga shi a tsaye a gefenta babu hula, kunnuwan nan sun yi ja, ya ɗaga kai yana kallon hawa na huɗu. Na ga bakinsa ya motsa, amma tagar Gleb ce, ba ta barin ko sautin mota ya shigo.

Na rubuta: "Na gefe kake nufi?"

Kila sauri ya yi. Kila sanyi ne ya kama masa yatsu, wayar ta cika masa kalmar da kanta, ai suna yin haka. Kila tunda ba kamfani, ya ga ba sauran amfanin camfi. Na tura, ban jira ba, na nufi ƙofa da silifas ɗin gida, na fizgo kwat na zura hannu ɗaya.

Mama ta riga ni isa. Na zaci tare ƙofar za ta yi. Ta dubi fuskata, ta dubi wayar, ta dubi shuɗiyar rigar. Sai ta sa ƙafa ta jawo 'yar kujerar nan daga ƙarƙashin kwatuna.

"In tafiya za ki yi, zauna tukuna."

"Mama, ƙasa kawai zan..."

"Ubanki ma bai zauna ba. Zauna."

Na zauna. Ita ta ɗosana a kan akwatin takalma, da rigarta ta fita kunya da ɗan kunnenta na biki. Gleb ya fito daga falo ya same mu a haka. Bawan Allah, ya dubi Mama, ya dube ni da kwat a hannu ɗaya, ya gane komai. Idan ana zaman hanya kowa na gidan zama yake yi, don haka ya ja wandonsa ya zauna a ƙasa, a kan tabarmar goge ƙafa, da ɗamarar wuyansa da silifas ɗinsa, yana raka ni zuwa wurin wani.

Muka yi shiru. Ina jin agogon kicin, ina jin butar da aka manta a wuta tana shirin kuka. Sau nawa na yi zaman nan a kujerar nan, kuma kullum na san inda za ni, na san kuma zan dawo.

Wayar ta motsa a tafin hannuna. A zaman hanya ba a magana, amma ba wanda ya ce ba a karatu.

"Na san abin da na rubuta, Taya. Ki sauko."

Mama ta dafa gwiwoyinta.

"To, Allah ya kiyaye hanya. Mu tashi."

Ta tashi. Gleb ya tashi, ya kakkaɓe wandonsa, ya miƙa hannu ya buɗe mini ƙofar da kansa. Sanyin matattakala ya shigo ya daki ƙafafuna. Shekara huɗu ni nake gaya wa mutane su kwance ɗamara su miƙe, an iso. Na ce wa ƙafafuna su tashi, suka ƙi. Ni kaɗai na rage a zaune, hannu ɗaya cikin kwat, ƙofa a buɗe, su biyu suna kallona, shi yana jira a ƙasa.

Ni ce ta ƙarshe. Kun gani, ni ma na faɗa.